Ramin da ke fitowa a wuyan haƙori: buroshi ne, aswaki ne, ko cizon haƙora?

Maman Sadiya (Aboabo): Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina da tambaya ga masu ilimin lafiya da ke cikinmu. Haƙorina na sama ta hagu, wanda ke bin fiƙa, ya yi wani ɗan rami daidai inda ya haɗu da dasashi. In na sa farce sai ya faɗa ciki, kuma bakin ramin da kaifi. Wurin bai yi baƙi ba, ba ya wari, sumul yake, sai dai ya ɗan yi ruwan ƙwai. Amma in na kurɓi fiya wata mai sanyi, ko na kurkure baki a alwalar asuba, sai in ji tsirr har tsakar kaina. Maƙwabciyata ta ce tsutsa ce, in je a cire tun bai harbi na kusa da shi ba. Ni kuwa ba mai shan zaƙi ba ce, kuma safe da dare nake goge baki. Me ke kawo wannan?

Ɗan Sawaba: Wa alaikumus salam. Mma, barka da shigowa ƙungiyarmu ta masu shan ruwa da gefe ɗaya na baki. Mun daɗe muna jiran sabbin mambobi.

Hajiya Mai Sobolo: Kada ki yarda a cire, ƙanwata. Wanda aka cire ya tafi ke nan. Ki daka kanumfari ki danna a wurin in za ki kwanta, zai lafa da yardar Allah.

Malam na Alabar: Buroshin nan ne na zamani. Kakanninmu da fataucin goro ya kawo su Kumasi da aswaki suka rayu, suka tsufa da haƙoransu cif, suna fasa goro suna tauna ƙashi. Mu da muka rungumi buroshi da man baki mai kumfa, mutum bai kai 40 ba ana yi masa maganar ciko. Maman Sadiya, ki koma wa aswaki, ga lada ga lafiya.

Ɗalibin Tek: Salamu alaikum iyayena. Ina karatun likitan haƙori a KNUST, jami'ar Kumasi da ake kira Tek, kuma abin da Mma ta kwatanta yana cikin abin da ake koya mana. In dai wurin da tauri yake kuma sumul, ba ruɓa ba ce. Ruɓa laushi take yi, ta yi duhu, ta riƙe abinci. Wannan likitoci na ce masa abfirakshon. Haƙori yana ɗan lanƙwasawa in an danne shi, ko da yake ido ba ya gani. In nauyin cizo ya sauka a tsaye, daga kan haƙori zuwa saiwa, ba wata matsala. In ya zo a karkace, sai ƙarfin ya taru a wuyan haƙori, gefe ɗaya ya matse, ɗayan ya miƙe. A daidai nan kuwa farin ɓawon haƙori, wato inamel, ya fi siranta, don a nan yake ƙarewa saiwa ta fara. Inamel ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, amma yana jure danni, ba ya jure ja. Sai ya riƙa tsagewa kaɗan-kaɗan yana ɓarɓashewa har rami ya bayyana. Wasu likitoci biyu a Amurka, Lee da Eakle, su suka shimfiɗa wannan bayani a 1984, daga baya John Grippo ya raɗa masa suna a 1991. Mma, ki tambayi Alhaji ko kina cizon haƙora cikin barci. Ina kyautata zaton daga nan ne.

Maman Sadiya (Aboabo): Ikon Allah. Ya sha gaya mini ina gurza haƙora da dare har ƙarar na tashe shi, ni kuma in ce sharri yake mini. Kuma nakan tashi da safe muƙamuƙina a gajiye, wani lokaci da ciwon kai ta nan gaban kunne.

Masta Magazin: Yaron nan ya yi magana. Mu makanikan Suame mun san wannan tun muna koyon aiki. Ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, ba ka sa filaya ka yanke ba, ba ka sa wuta ba, amma za ta karye, kuma kullum a bakin inda aka riƙe ta take karyewa. To haƙori ƙashin muƙamuƙi ne ya riƙe shi, dole a bakin riƙon zai ji jiki. Malam, ku ƙyale buroshi ya sarara, ba shi da laifi.

Malam na Alabar: Masta, to kakanninmu ba sa cizon haƙora ne? Ko su ba su da damuwa? Mutanen da suka taka daga Kano zuwa Salaga da jakuna?

Dakta (Asawase): Wa alaikumus salam. Yanzu na taso daga aiki na tarar zaure ya cika. Maman Sadiya, kafin komai: ba a cire haƙori saboda irin wannan rami. Ki je a duba da madubi da ɗan ƙarfen gwaji don a tabbatar ba ruɓa a ciki, amma yadda kika kwatanta, haƙorinki na nan daram.

Ƙanena na Tek, ka kawo karatun daidai, sai dai ka tsaya a tsakiyar shafi. Abin da Lee da Eakle suka kawo hasashe ne, kuma har gobe likitocin haƙori ba su haɗu a kansa ba. Yawancin hujjarsa daga kwamfuta ta fito, inda ake zana haƙori a ɗora masa nauyi a ga inda ƙarfi ke taruwa, sai kuma haƙoran da aka cire aka matsa a inji. Cewa ƙarfi na taruwa a wuyan haƙori, wannan ba mai musu. Cewa shi kaɗai ke fafe rami a bakin mutum mai rai, mai miyau, mai ci da sha, a nan hujjar ta yi ƙaranci.

Ka amsa mini wannan. In lanƙwasa ce kawai, me ya sa kusan duk ramukan ta waje suke fitowa, ta wajen kunci da leɓe, ba kasafai ake ganinsu ta wajen harshe ba? Ai ƙarfin gefen biyu yake taɓawa. Ta waje kuwa nan ne buroshi da aswaki ke kai-komo. An kuma sha lura cewa mai amfani da hannun dama ramukansa sun fi yawa ta hagu, don can hannunsa ya fi samun ƙarfin dirzawa. Maman Sadiya ta ce nata ta hagu yake. Sannan a 2003 an buga wani bincike kan haƙoran mutanen da, waɗanda aka tono a kudancin Faransa. Kan haƙoransu ya cinye sosai saboda tauna, amma ba a ga irin wannan rami a wuyansu ba, sai a bakin mutanen yanzu da aka gwada su da su. In cizo mai ƙarfi ya isa shi kaɗai, da su ne za su fi kowa.

Malam na Alabar: Alhamdu lillahi. Dakta ta gaskata ni. Masta, kana ina?

Dakta (Asawase): Malam, ku dakata tukuna, naku na nan tafe.

Ɗalibin Tek: Yaya Dakta, da girmamawa, akwai abin da buroshi ba zai iya bayaninsa ba. Ana samun ramin da ya shige ƙarƙashin dasashi, inda gashin buroshi ba ya kai wa. Ana samun haƙori ɗaya tak ya yi rami mai zurfi, na gabansa da na bayansa lafiya lau, alhali buroshi duka yake bi. Kuma a nan kusa da mu, a Sanigal, an yi bincike a 2006 tsakanin masu cutar kuturta da ba sa amfani da buroshi, aka samu ramukan a bakin da yawa daga cikinsu. Wa ya fafe nasu?

Dakta (Asawase): Madalla, haka nake so ɗalibi ya zama. Amma ka sake duba binciken na Sanigal, za ka ga su kansu masu binciken ba su ɗora wa cizo shi kaɗai ba, sun haɗa shi da abubuwan tsami da mutanen ke sha. Shi kansa Grippo, a rubuce-rubucensa na baya, a 2004 da 2012, cewa ya yi abu uku ke haɗuwa: nauyin cizo, gogayya, da tsamin da ke narka haƙori. Haƙori ɗaya da ka ce yakan yi rami shi kaɗai, duba shi da kyau, sau da yawa shi ne ya ɗan turo waje daga layi, shi buroshi ke fara samu, kuma dasashinsa ya fi saurin janyewa. Ban ce cizo ba ya taka rawa ba. Ina ganin masu gurza haƙora da ramuka masu kaifi, ina kuma ganin masu gurzawa har kan haƙoransu ya baje amma wuyan lafiya. Abin da na ƙi shi ne a ga rami a ce cizo ne, a manta da tambayar mutum me yake sha da yadda yake goge baki.

Masta Magazin: To Dakta, wayar tawa ta faɗi ke nan?

Dakta (Asawase): Ba ta faɗi ba, Masta, rabin labarin ce. Sauran rabin yana hannun Hajiya.

Hajiya Mai Sobolo: A'a fa! Me ya kawo ni cikin rigimarku? Sobolona, wato zoɓo, ganye ne da citta da abarba, ba sinadari ko ɗaya. Likitoci ma cewa suke yana da kyau ga jini.

Dakta (Asawase): Mma Hajiya, ni ma ina sha, kuma ba zan daina ba. Maganar tsami ce. Akwai ma'aunin tsami da ke tashi daga 0 zuwa 14. Ruwan sha yana wajen 7, kuma duk yadda lambar ta yi ƙasa, tsamin ya fi ƙarfi. Inamel yakan fara narkewa in tsamin baki ya sauka ƙasa da 5.5. Saiwar haƙori kuwa, wadda ke fitowa fili in dasashi ya janye, ba ta da inamel, tun wajen 6 da 'yan kai take fara narkewa. Lemun kwalba irin su kola yana wajen 2.5, ruwan lemun tsami ma kusan nan yake. Sobolo, tsamiya, lamurje in an matsa masa lemun tsami, da abin shan ƙara kuzari da samari ke yawo da shi, duk suna ƙasa da 5.5 nesa ba kusa ba. Kin san yadda haƙora ke mutuwa in an sha ɗanyen mangwaro? Saman haƙorin ne ya yi laushi na ɗan lokaci. In an bar shi, miyau zai wanke tsamin ya mayar masa da ma'adininsa. In kuwa aka sa buroshi a wannan lokacin, abin da ya yi laushin ake kankarewa, kuma ba ya dawowa.

Shi ya sa yadda ake sha ya fi yawan abin da aka sha muhimmanci. Wanda ya shanye kofi ɗaya tare da abinci ya kurkure baki da ruwa, bai yi wa kansa komai ba. Wanda ya ajiye gora a gefen keken ɗinki yana kurɓa tun hantsi har la'asar, bakinsa bai taɓa fita daga tsami ba. Da azumi na fi ganin abin: a buɗe baki da sobolo mai sanyi da lemo, a tashi nan take a dirje haƙora don a tafi tarawihi da baki mai ƙamshi. A bari a yi minti 30 zuwa awa ɗaya. In ana sauri, kurkura da ruwa ta wadatar.

Maman Sadiya (Aboabo): Dakta, ni kullum da safe ina shan ruwan ɗumi da lemun tsami kafin in ci komai, an ce yana rage teɓa. Ina gamawa nake goge baki.

Dakta (Asawase): To ga shi nan. Ki juya tsarin: ki fara goge baki, sannan ki sha, ki bi da ruwa zalla. In za ki iya sha da sitiro ya fi. Akwai kuma tsamin da ke tasowa daga ciki, na masu ƙwannafi da masu yawan amai, kamar masu sabon ciki. Nasu ya fi cin haƙoran sama ta ciki, ta wajen ganɗa. Mai ciki in ta yi amai ta kurkure da ruwa, kada ta yi saurin ɗaukar buroshi.

Hajiya Mai Sobolo: To sitiro dai zan ƙara wa kwastomomi, amma kuɗinsa na kanki, Dakta.

Baba Tela (Kejetia): Wannan gorar da ke gefen keken ɗinki, da ni ake ko? Allah ya isa tsakanina da mai kai rahoto. Ni nawa ramin a bakin haƙorin gaba yake, ɗan tsagi siriri.

Dakta (Asawase): Baba, naku na zare ne da allura, shekara da shekaru kuna yanke zare da haƙori ɗaya. Wannan a kan haƙori yake, ba a wuya ba. Ku rataya ɗan almakashi a wuya. Haka masu buɗe kwalba da baki da masu feɗe wayar lantarki da haƙori, Masta na ji.

Malam na Alabar: Ina nan ina jiran nawa, Dakta.

Dakta (Asawase): Malam, aswaki yana tsabtace baki, ba ni da ja a kan wannan. Itacen arak da alhazai ke kawowa daga Makka gashinsa da laushi in an jiƙa shi. Amma ba shi yawancinmu ke amfani da shi a nan ba. Sokodua da ake sayarwa ɗauri-ɗauri a kasuwa itace ne mai tauri. Ku lura da yadda ake yi da shi: mutum ya sa a baki tun ya fito daga gida, yana tafe yana dirzawa, ya shiga tirotiro yana dirzawa, kuma wuri ɗaya hannunsa ke komawa, fiƙa da haƙoran da ke bayanta. Ya ɗauki awa guda bai sani ba. Na ga dattawan da ba su taɓa riƙe buroshi ba, dasashinsu ya janye, wuyan fiƙarsu ya fafe. Masu ƙarawa da garin gawayi ko toka ko gishiri don haƙora su yi fari, nasu ya fi sauri. Wannan ma ba sabon sani ba ne. Tun 1907 wani likita mai suna Miller ya ɗauki haƙoran da aka cire ya yi ta goge su da garin goge baki na zamaninsa, ya fitar da irin wannan rami a wuyansu. Gashin buroshi shi kaɗai ba ya cin inamel sosai, abin da aka ɗora a kansa ne ke ci, sai ƙarfin hannu.

Malam na Alabar: Na ji wannan, amma a yi adalci. Abin da kika kwatanta ba shi ne sunna ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da aswaki a lokacin kowace salla, bai ce a wuni ana sassaƙar baki ba. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa itacen ya zama matsakaici, kada ya bushe har ya ji wa dasashi ciwo, in ya bushe a jiƙa shi da ruwa. Sai dai ga inda nake so ki warware mini. A littattafanmu an so a yi aswaki a kwance a kan haƙora, a tsaye a kan harshe. Ku kuma kullum kuna cewa kada a goge a kwance. Wanne za mu ɗauka?

Ɗan Sawaba: Yau ake yinta. Admin, a kawo kujeru.

Dakta (Asawase): Malam, fiƙihu fagenku ne, ba zan shiga ba. Amma ku gaya mana, wane dalili malaman suka bayar?

Malam na Alabar: Don kada a ji wa dasashi rauni ya yi jini.

Dakta (Asawase): To manufarmu ɗaya. Abin da muke hanawa shi ne a damƙe buroshi mai tauri a riƙa ja da tsawo, daga turmi zuwa gaba, da ƙarfin dantse, a kan layin dasashi. Aswaki mai laushi da aka bi da shi a hankali na ɗan lokaci kafin salla ba shi ke fafe haƙori ba. Ku tauna bakin sosai har ya yi gashi, ku yanke tsohon bakin in ya baje, kada ku danna. Mai buroshi kuma ya sayi mai laushi, ya riƙe shi da 'yan yatsu, ya karkata gashin zuwa dasashi, ya riƙa ɗan jujjuyawa haƙori biyu-biyu, minti 2 ya isa. In buroshinka ya baje tun bai yi wata ba, hannunka ya yi nauyi. Kuma masu sayen mai tauri don wai shi ke fitar da jan goro, jan goro a asibiti ake wanke shi.

Yaya Bolga: Dakta, mu da muka taso a wajen Bongo, a arewacin Gana, haƙoranmu da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa, wasu har da 'yan ramuka. Shi ma wannan ne?

Dakta (Asawase): A'a, Yaya, naku daban ne. Ruwan rijiyoyin burtsatse da yawa a yankin Bongo yana da sinadarin fulorayid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, kuma yana taɓa haƙora tun suna ƙarƙashin dasashi a yarinta. Dirza ba ta fitar da shi, sai dai ta ƙara muku matsalar da muke magana a kai.

Maman Sadiya (Aboabo): To yanzu wannan tsirr ɗin fa? Shi ya fi damuna. Kuma ramin zai cike da kansa?

Ɗalibin Tek: Ba ya cikewa, Mma, haƙori ba ya toho. Zafin kuma ga dalilinsa: a ƙarƙashin inamel akwai dantin, wanda ke cike da ƙananan hudoji masu ruwa a ciki, suna tafiya har wajen jijiya. In ya fito fili, sanyi ko iska ko zaƙi sai su motsa ruwan, jijiya ta amsa. Shi ya sa zafin ke zuwa farat ɗaya ya wuce.

Dakta (Asawase): Daidai. Ki nemi man goge baki na masu jin sanyi a haƙori, a kemis za ki samu, ki duba kwalin ki ga an rubuta yana da fulorayid wajen 1,450 ppm. Ki yi amfani da shi safe da dare, ki tofar da kumfar kada ki kurkure, in za ki kwanta ki ɗan shafa kaɗan a ramin da yatsa. Ba ya aiki rana ɗaya, sai ya yi mako 2 zuwa 4. In bai lafa ba, akwai maganin da muke shafawa a asibiti ya toshe hudojin. Kanumfarin Mma Hajiya yana kashe zafi na ɗan lokaci, amma ba ya toshe komai. Abin da nake roƙo kada kowa ya yi shi ne danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi, ƙona naman take yi ya yi fari ya saluɓe.

Ba kowane rami ake cikewa ba. In ƙarami ne, ba ya zafi, mukan auna shi, mu ɗauki hoto, mu gyara abin da ke jawo shi, mu sake dubawa bayan wata 6 ko shekara. Da yawa sukan tsaya inda suke. Ana ciko in ya yi zurfi har ya doshi jijiya, ko yana riƙe abinci, ko zafin ya ƙi ji, ko yana gaba yana hana mutum murmushi. Amma in zafi ya fara daɗewa bayan an sha abu, ko yana zuwa haka kawai, ko yana hana barci, ko dasashi ya kumbura, wannan ya wuce maganar man goge baki, a tafi asibiti ba jira.

Ɗan Sawaba: Ni an taɓa cike mini nawa a wani asibitin kuɗi, farin ciko mai kyau, ina cin tsire ya fita. Kuɗina ya bi iska. Tun daga nan na haƙura.

Dakta (Asawase): Cikon wuyan haƙori ya fi kowanne saurin faɗuwa. Wurin ba shi da lungun da zai riƙe ciko, ga damshi daga dasashi, ga dantin ɗin ya yi santsi gam ba ya kama shi sosai. Akwai iri biyu: fari mai kama da haƙori sak, da wani da ake kira gilas ayonoma, wanda bai kai shi kyau ba amma ya fi riƙo a wannan wuri kuma yana sakin fulorayid. Ka koma ka tambaya. Kuma in abin da ya fafe haƙorin yana nan, zai ci gefen cikon ma. Kai da nake gani a majalisar ataya har ƙarfe 1 na dare, shayi mai kauri da sigari da rashin barci duk suna ƙara gurzar haƙora.

Ɗan Sawaba: Dakta, a bar tone-tone. Sigari na daina tun bara.

Masta Magazin: To mai cizon haƙora fa, me za a yi masa? Wani yarona mai tuƙa pragya, babur mai ƙafa uku, ya ce in ya shiga cunkoson Kejetia har muƙamuƙinsa ke ciwo.

Dakta (Asawase): Na rana ana iya koyon bari. In mutum ba ya ci ba ya magana, haƙoran sama da na ƙasa bai kamata su taɓa juna ba, leɓe a rufe, haƙora a sake. Ya riƙa tuna wa kansa duk lokacin da ya tsaya a danja. Na dare kuwa mutum ba shi da iko a kai, sai a auna bakinsa a yi masa robar da zai sa in zai kwanta. Tana kare kan haƙora daga cinyewa da tsagewa, tana sauƙaƙa wa wasu ciwon muƙamuƙi. Maman Sadiya, ke kam ya kamata a duba ki don wannan, ko da babu rami. Amma ba zan yi miki alkawarin robar za ta tsayar da ramin ba.

Ga kuma inda gardamata da ƙanena ke da amfani ga aljihunku da bakinku. In wani ya ce zai fiƙe kan haƙoranku masu lafiya da inji don wai ya daidaita cizo ramin ya tsaya, kada ku yarda da sauri. Gwajin da aka yi bai nuna hakan na tsayar da ramin ba, kuma inamel ɗin da aka fiƙe ya tafi.

Ɗalibin Tek: A kan fiƙewa muna tare, Yaya. Amma ina nan kan bakana cewa ramin da ke ƙarƙashin dasashi ba aikin buroshi ba ne.

Dakta (Asawase): In ka fara ganin marasa lafiya, duk wanda ka samu da irinsa ka tambaye shi abin da yake sha kafin ka duba cizonsa, ka rubuta. Bayan shekara ka kawo mini littafin mu zauna.

Baba Tela (Kejetia): Katin inshorar lafiya yana ɗaukar wannan aikin?

Dakta (Asawase): Yana ɗaukar ganin likita, da cire haƙori, da maganin zafi, da ciko mai sauƙi. Haƙoran roba ba sa ciki. Robar dare da farin ciko kuwa ku tambayi kuɗinsu a wurin kafin a fara aiki, kada a gama ku ji lissafi. Akwai sashen haƙori a asibitin Komfo Anokye da wasu asibitocin gwamnati na cikin gari. Ku danna *929# ku tabbatar katin bai mutu ba kafin ku fita daga gida, ku kuma yi sammako.

Amaryar Akwatia Line: Salamu alaikum, yanzu na karanta duka. Dakta, ɗan yayata mai shekara 5 yana gurza haƙora da dare sosai, kakarsa ta ce tsutsar ciki ce, har an ba shi maganin tsutsa bai daina ba.

Dakta (Asawase): Wa alaikumus salam, Amarya. Yara da yawa na yi a wannan shekarun, kuma akasarinsu sukan daina da kansu in haƙoran girma sun fara fitowa. Kada a yi ta ɗura masa maganin tsutsa saboda wannan kawai. Ku saurare shi in yana barci: in yana minshari, ko yana kwana baki buɗe, ko numfashinsa na ɗan tsayawa, a kai shi a duba masa hanci da maƙogwaro. In kuma yana kukan haƙori ko muƙamuƙi da safe, a kawo shi mu gani.